Karrara, Garin Farin Dutse: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Ina neman gafararku tun ban fara ba. Ba al'ada ba ce yaro ya miƙe yana magana manya suna zaune suna saurare. Amma aikin da aka ɗora mini ke nan a ofishin watsa labarai, watau in nemo labarin abin da ya sami waɗansu mutane a waɗansu ƙasashe in kawo muku, ku kuwa ku auna shi da hankalinku, wanda ya fi nawa nisa.

Labarin da na zo da shi yau na wani gari ne a ƙasar Italiya, sunansa Karrara. Watakila wani zai ce, ina ruwan Hakimi da garin da ke hayin Bahar Rum? Dalili shi ne, mutanen wannan wuri sun fi shekara dubu biyu suna fasa dutsen da ke bayan gidajensu suna sayarwa, amma har cikin zamaninmu ana ta kai da kawowa gaban alƙalai a kan ko dutsen na wane ne. Abin da ya ƙulla wannan gardama kuwa waɗansu 'yan layuka ne da malaman haraji suka rubuta a littafi tun kafin shekarar 1751. Shi ya sa na roƙa a gayyato malamai tare da iyayen gidansu, don rabin labarin nasu ne.

Bari in fara da dutsen kansa. Magina da 'yan kasuwa na yanzu suna ce masa mabul. Waɗansu suna ce masa marmara, amma na guji wannan suna don kada ya rikita mu da jar marmarar nan tamu da a ke zubawa a hanya. Mabul dutse ne mai santsi, in an goge shi yana ƙyalli, kuma yana karɓar sassaƙa ba ya tsagewa barkatai. Duk wanda Allah ya nufa da zuwa aikin Hajji ya taka irinsa, don farin daɓen nan mai sanyi na wurin ɗawafi mabul ne, ko da ya ke shi daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka aka kawo shi, ba daga Karrara ba. Masana ilmin ƙasa sun ce asalinsa dutsen farar ƙasa ne, irin wanda a ke toya siminti da shi a Kalambaina da Ashaka. Ya kwanta ne a ƙarƙashin teku tun zamani mai nisa, sa'an nan zafi da nauyin ƙasa suka gasa shi har ya rikiɗe. Mu ma muna da namu a Jakura ta Jihar Kogi da Igbeti ta Jihar Oyo.

Garin Karrara yana cikin Jihar Tuskani, arewa maso yamma da birnin Fulorans, mutanensa wajen 60,000. A matse ya ke. Gabansa teku, ba ta fi mil biyar daga tsakiyar gari ba, bayansa kuwa duwatsun Afuwan, waɗanda suka tashi tsaye kamar bango. Wanda ya fi kusa da gari cikin manyansu, watau Sagro, ya fi ƙafa 5,700 bisa teku. Wani ɗan kogi mai suna Kariyone shi ke gangarowa daga duwatsun, ya ratsa ta tsakiyar gari, ya faɗa teku. Ku riƙe sunan kogin nan, za mu komo kansa. Ranar da na fara ganin hoton wurin na zaci ƙanƙara ce ta rufe kawunan duwatsun, kamar yadda mu ke gani a hotunan ƙasashen Turai. Ashe ba ƙanƙara ba ce, jikin dutsen ne da aka feɗe, da ɓaraguzan da aka zubar. Ramukan da a ke fasawa sun kasu cikin kwaruruka uku, kowane da sunan ƙauyen da ke bakinsa: Torano, da Miseliya, da Kolonnata.

Rumawa ne suka fara wannan sana'a sosai. A shekara ta 177 kafin haihuwar Annabi Isa suka kafa wani gari a bakin teku kusa da nan, suka sa masa suna Luni, daga tasharsa a ke loda dutsen a jiragen ruwa zuwa birnin Rum. Bayi ke aikin. Sai su sare dogon rami a jikin dutse da guduma da kurfi, su kafa turakun ƙarfe su yi ta duka, ko kuwa su cusa busasshen itace su jiƙa shi da ruwa, in ya kumbura dutsen ya tsage. Da wannan wahala aka sami dutsen da aka gina hasumiyar Sarki Tarajan, wadda aka gama a shekara ta 113, tana nan tsaye a Rum har yau. An jera ta ne da manyan gunduwoyi, kowane ya kai wajen ton 30, an kuma fafe cikinsu an yi matakala 185. Malamai za su so su ji cewa tun wannan zamani akwai masu irin aikinsu a bakin rami. Har yanzu ana tono tsofaffin duwatsu ɗauke da alamu da lambobi da aka sassaƙa a jikinsu, masu nuna sashen da aka fasa su da wanda ke kula da aikin. Da fari ramukan na garin Luni ne. Da aka ga yawan arzikin, sai a zamanin Sarki Tiberiyas suka koma hannun Sarkin Rum. Karo na farko ke nan da dutsen ya kuɓuce wa masu zama gindinsa.

Luni ta yi ta lalacewa sannu a hankali bayan faɗuwar daular Rum. Yashi da laka suka cike tashar, teku ta ja da baya, fadama ta kewaye gari, zazzaɓin cizon sauro ya kori sauran mutane. Yau kufai ne, fiye da mil guda daga bakin ruwa. Sana'ar ta yi barci ƙarnuka, sa'an nan ta farfaɗo sa'ad da biranen Italiya suka shiga gasar gina manyan majami'u da fadodi, Karrara kuwa ta gaji Luni. Shahararren masassaƙin nan Mikelanjelo da kansa ya kan zo ya zaɓi dutse. A 1505 wata takwas ya yi a cikin duwatsun nan yana zaɓen wanda zai yi wa wani Fafaroma kabari da shi. Ba zan tsaya kan wannan ba, littattafan Turawa cike su ke da shi. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne na zo da shi.

A wancan zamani kowane ƙauye na gindin dutsen yana da gamayyarsa, watau taron magidanta 'yan asalin wurin, kuma dajin da dutsen da ke kewaye da ƙauye na gamayyar ne, kamar yadda mu ka san makiyaya da burtali da fadamar gari ba na mutum guda ba ne. To, sannu a hankali waɗansu gidaje masu hali suka buɗe ramuka a cikin ƙasar gamayya, suka je aka rubuta ramukan da sunansu a littafin haraji, suna biyan ɗan abin da aka yanka musu. Ba wanda ya kula. Malami ya rubuta, an karɓi haraji, an ba da rasit. Sai da kuɗin dutse ya yi yawa, sa'an nan mutanen Torano suka farga, suka kai ƙara cewa an shiga musu ƙasa.

Mai mulkin Massa da Karrara a lokacin mace ce, Mariya Teresa ta gidan Cibo Malasfina. 'Yar ƙaramar ƙasa ce ta ke riƙe da ita, ba ta kai waɗansu gundumominku faɗi ba. Ran 1 ga Fabrairu, 1751, ta yanke hukunci, ta mai da shi doka. Ta ce duk ramin da ya shekara 20 a rubuce da sunan mutum a littafin haraji, gamayya ba ta da sauran magana a kansa. Sauran dutsen duka na gamayyar ƙauyuka ne, wanda ya ke so ya fasa sai ya nemi izini, ya riƙa biyan kuɗin haya. In an duba, hukuncin ba na zalunci ba ne. Ta so ne ta kashe wutar rigima, ta bar wa kowa abin da ya saba da shi, ta kuma tsare wa talakawa abin da ya rage. Ni a ganina inda aka yi sake wuri guda ne: dokar ba ta fayyace ko an ba mutanen nan dutsen ne mallaka har abada, ko kuwa izinin fasawa kaɗai aka tabbatar musu. A ranar ba wanda ya ga bukatar a fayyace, don mutum da gudumarsa da 'ya'yansa, nawa zai ci daga jikin dutse kafin ya mutu? Daga baya, a zamanin Nafoliyon, aka rushe gamayyar ƙauyukan, haƙƙinsu ya koma hannun hukumar gari. Amma ramukan nan da aka rubuta da sunan mutane suka ci gaba da tafiya daga hannu zuwa hannu, ana gado, ana sayarwa, har suka faɗa hannun manyan kamfanoni.

Kafin in gaya muku inda shari'ar ta kwana, ya kamata ku ji abin da talakan Karrara ya biya da jikinsa, don kada a zaci maganar takarda ce kurum.

Fasa dutsen wahala ce, amma sauko da shi ya fi. Ramukan suna can bisa, inda ko jaki ba ya hawa da kaya. Dabarar da suka yi amfani da ita tun zamanin Rumawa har cikin shekarun 1960 ita ce wadda su ke kira lizza. Sai a sami dogayen gungume uku a jera, a ɗora musu dutse mai nauyin ton 15 ko 20 ko fiye, a ɗaure tam. A gefen gangaren an riga an huda dutse an kafa gajerun turaku masu kauri. Sai a ɗaura wa kayan manyan igiyoyin rama, a naɗe su a jikin turakun, a sa mutane su riƙe, suna saki kaɗan kaɗan. A ƙarƙashin gungumen kuwa ana shimfiɗa 'yan itatuwa da aka shafe da sabulu don kayan su zame a kansu. Wanda kayan suka wuce, sai na baya su ɗauke shi su miƙa hannu da hannu zuwa gaba, a sake shafa masa sabulu, a sake shimfiɗawa. Mutum goma sha wani abu ke wannan aiki. Shugabansu kuwa, wanda ya fi kowa sanin aiki, ba a baya ya ke tsayawa yana nuni da sanda ba. Shi ne a gaban kayan, a ƙarƙashinsu, shi ke shimfiɗa itacen, shi ke kiran a saki ko a riƙe. In igiya ta tsinke, shi dutsen zai fara bi ta kai. Ranku ya daɗe, na daɗe ina tunanin wannan irin shugabanci. Daga gindin dutse kuma sai a ɗora wa amalanken shanu, bijimai su ja har bakin teku.

Aiki mafi girma da aka yi da wannan dabara a zamanin baya-bayan nan shi ne na 1928, sa'ad da aka yanko dutse guda, tsawonsa ya fi ƙafa 55, nauyinsa wajen ton 300, don a kafa wa Musolini hasumiya. Watanni aka yi ana saukowa da shi, bijimai fiye da 60 suka ja shi zuwa teku, aka kai shi Rum ta ruwa, aka kafa a 1932. Yana nan tsaye da sunan mutumin a jikinsa. Sunayen waɗanda suka sauko da shi ba sa jiki.

Mutuwa kuwa ba baƙuwa ba ce a can. Ran 19 ga Yuli, 1911, gefen dutse ya zabtaro a wani rami da a ke kira Bettoli, ya kashe ma'aikata 10 a tashi guda. Kada a ce wannan labarin da ne, a watan Afrilu na 2016 ma dutse ya rufta wa mutum biyu a kwarin Kolonnata. Har yau akwai waɗanda aikinsu shi ne su ɗaura igiya a kugu, su sauka ta fuskar dutse suna reto, suna ɓamɓare duk abin da ya yi rauni kafin ya faɗo kan na ƙasa. Mutanen da suka tashi cikin irin wannan hali ba su da saurin rusunawa. Karrara ta yi suna a Turai duka da masu ra'ayin nan na babu sarki babu gwamnati. A watan Janairu na 1894 masu fasa dutse suka yi bore, gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci, kotunan soja suka ɗaure ɗaruruwa. Ban kawo wannan don in yabi bore ba. Amma ya kamata a faɗa cewa ta hanyar ƙungiyarsu, ƙarƙashin wani shugaba mai suna Alberto Meski, suka sami a rage musu aiki zuwa sa'a shida da rabi a yini tun kafin Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da leburan wurare da yawa ke yin sa'a goma ko fiye. Hujjarsu ita ce, hawa zuwa bakin rami kaɗai ya kan ci sa'o'i, da ƙafa, tun kafin gari ya waye.

Sa'an nan na'ura ta zo, daki daki. An daɗe ana fasawa da albarushi, wanda ya kan rushe gefen dutse gaba ɗaya, a tsinci mai kyau kaɗan, a tura saura gangare. Yawancin farin nan da na zaci ƙanƙara ce, ɓarnar albarushi ce. A 1876 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta dutse, a 1890 aka kai ta har cikin kwarurukan bisa manyan kadarkai, masu shanu suna ji suna gani abincinsu ya soma tafiya. A 1895 aka kawo yanka da waya: doguwar wayar ƙarfe ce murɗaɗɗiya, inji na jan ta, ana zuba mata yashi da ruwa, tana cin dutsen sannu sannu. Jirgin ma bai tsira ba, manyan motoci suka karɓe masa aiki, aka rufe hanyar a 1964. Daga ƙarshen shekarun 1970 kuma aka shigo da waya mai ƙwayoyin daimon, wadda ke yanka cikin sa'o'i abin da tsohuwar waya ke kwanaki a kansa. Yanzu har cikin cikin dutsen su ke shiga, su fafe ɗakuna waɗanda babbar mota ke juyawa a ciki.

To, ga inda lissafin ya juya. Masu bincike suna cewa abin da aka kwashe daga duwatsun nan cikin 'yan shekarun da suka biyo bayan zuwan wayar daimon ya fi abin da aka kwashe cikin shekara dubu biyu da suka gabata. Amma masu aiki a ramukan, waɗanda a farkon ƙarni na 20 dubbai ne masu yawa, yanzu ba su wuce wajen dubu guda ba. Dutse ya ƙaru, hannu ya ragu. Har wa yau, cikin ton huɗu da a ke fasawa, da ƙyar ton guda ke fita gangariya wanda za a yanka a yi daɓe ko sassaƙa. Saura ɓaraguzai ne, su kuwa an sama musu kasuwa: ana niƙa su gari, a zuba cikin fenti, da takarda, da roba, da man goge baki. Watau dutsen da Mikelanjelo ya yi wata takwas yana zaɓe, yau wani yana wanke haƙori da ɗan'uwansa. Gangariyar ma da yawa ba a gyara ta a gari. Ɗanya a ke loda ta a jirgi zuwa Sin da Indiya da sauran ƙasashe, a yanka a goge a can, ladan aikin ya tsaya a can.

Abin da ke tsayawa a gari shi ne ƙura da laka. Wayar yanka tana aiki da ruwa, ruwan ya kan fito kamar farin kunu, in ya shiga rafi sai ya kwanta a ƙasa ya toshe kome, kifi da ƙwari su ƙaura. In an yi ruwan sama mai ƙarfi Kariyone fari fat ya ke gangarowa. Akwai kuma wani abin lura game da ɓaraguzan da aka tara a gangare. Na da manya manya ne, ruwa ya kan shige tsakaninsu ya sauko a hankali. Na yanzu kuwa, da ya ke ana tsince manyan a kai injin niƙa, abin da a ke bari ƙasa ce da tsakuwa, in ta sha ruwa sai ta zame gaba ɗaya ta cika kogi. Ran 23 ga Satumba, 2003, Kariyone ya yi ambaliya ya shiga tsakiyar gari, wata mata ta rasu. Ran 5 ga Nuwamba, 2014, katangar da aka gina masa a gefe, wadda ba ta daɗe da ginuwa ba, ta fashe, ruwa ya mamaye unguwannin bakin teku. Mutane suka fusata, suka shiga zauren majalisar gari suka zauna, makonni ba su fita ba. Su kuma motocin dutse, da suka dami gari da ƙura da haɗari, sai da aka yi musu hanyarsu dabam, yawancinta ta ƙarƙashin dutse, aka buɗe a 2012. Ta ci fiye da Yuro miliyan 100, hukumar gari kuwa bashi ta ci ta yi ta. Garin da ke zaune gindin wannan arziki ya shiga sahun garuruwan Italiya da bashi ya fi yi wa nauyi.

Yanzu mu koma ga takarda. A 1927 gwamnatin Italiya ta kafa dokar ma'adinai, ta ce wa hukumomin Karrara da Massa su tsara ƙa'idar ba da hayar ramukansu cikin shekara guda. Malamai, ku ƙidaya da ni: Karrara ba ta fito da tata ƙa'idar ba sai 1994. Shekara 67 ke nan takarda tana kan tebur. Cikin wannan tsawon lokaci masu haya suna biyan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, suna kuma riƙe da ramukan kamar gonar gado. A 1995 Kotun Tsarin Mulki ta goyi bayan sabuwar ƙa'idar, watau hayar dutsen gari ta zama mai wa'adi, mai kuɗi na gaske.

Saura ramukan nan na littafin haraji. A 2015 majalisar Jihar Tuskani ta yi doka, ta ce su ma dukiyar gari ne. Masu ramuka suka ƙi, gwamnatin tsakiya ma ta ƙi, aka tafi Kotun Tsarin Mulki. A 2016 kotu ta soke wannan sashe. Ba ta ce dutsen na wane ne ba, cewa ta yi maganar mallaka ba hurumin majalisar jiha ba ce, ta majalisar ƙasa ce. A 2018 kuma kotun Massa ta yanke cewa ramukan na masu su ne. Saboda haka wani babban yanki na dutsen Karrara, wajen kashi ɗaya cikin uku, yana hannun masu zaman kansu. Suna biyan harajin abin da suka fasa kamar kowa, amma ba su biyan gari kuɗin haya, ba kuma ranar da wa'adinsu zai cika a sa ramin a kasuwa. Hujjarsu ita ce dai rubutun nan da wani malami ya yi, da hukuncin da Mariya Teresa ta yanke don ta raba faɗan ƙauye guda. Abin da ya tsira daga dokar 2015 shi ne wani sharaɗi mai kyau a kan masu hayar dutsen gari: wanda ya ke so a tsawaita masa haya, har zuwa shekara 25, sai ya ɗauki alkawarin a gyara aƙalla rabin dutsensa a nan yankin, don aikin yi ya tsaya a gida.

Ranku ya daɗe, tamu dokar dabam ce, kada in bar ku da zaton ɗaya su ke. A nan sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa ma'adinai duka a hannun Gwamnatin Tarayya, Dokar Ma'adinai ta 2007 kuma ta ce daga can a ke ba da lasisin fasa dutse. Hakimi ba shi da ikon sayar da dutse, ba shi da ikon ba da shi kyauta. Amma takardu biyu su kan bi ta zaurenku. Ta farko takardar yardar masu ƙasa, wadda mai neman lasisi ke haɗawa da takardunsa, sau da yawa kuwa ku a ke nema ku shaida. Ta biyu yarjejeniyar da doka ta wajabta wa mai lasisi ya ƙulla da jama'ar wurin kafin ya fara aiki, wadda a ke sake dubawa kowace shekara 5. Mai neman sa hannu kullum cikin gaggawa ya ke, ya kan zo da takardar a rubuce da Turanci, mota na jiransa a ƙofar gida. Ni dai da za a ji ta yaro, da na ce kada malami ya miƙa wa ubangidansa alƙalami sai an karanta takardar da Hausa a gaban dagaci da masu unguwa da masu gonakin da ke gindin dutsen. A ga an rubuta iyakar wurin da awo, ba da "daga tsamiya zuwa rafi" ba, don tsamiya tana faɗuwa, rafi yana sake hanya. A ga an rubuta shekara nawa ne, da inda za a zubar da ɓaraguzai, da nisan nakiya daga gidaje da rijiyoyi, da wanda zai gyara hanya in motoci sun kashe ta, da yadda za a bar ramin in an tashi, don mun san abin da tsohon rami cike da ruwa ke yi wa yara da dabbobi. Kofe guda kuma ya zauna a ofishin Hakimi, a shigar da shi littafi da kwanan wata.

Maganar yarjejeniyar nan tana sashe na 116 na dokar 2007. Na zo da kofenta. Duk malamin da ya ke so mu bi ta tare layi layi, ina nan a zaure bayan an tashi.